Hita na aiki, ɗaki na sanyi: ina ɗumin yake tafiya?

TAMBAYA: Lokacin sanyi nakan bar hita kunne har asuba, amma da na kashe ta, kafin awa ɗaya ɗakin ya koma kamar waje. Kuɗin wuta kuwa sai hawa yake. Shin hitar ce ta yi ƙarami?

AMSA: Da wuya laifin hitar ne. Ɗumin da take bayarwa ne yake tserewa, kuma ɗaya daga cikin manyan ƙofofinsa tana sama. Iska mai ɗumi tashi take yi, ta taru a ƙarƙashin silin, idan kuma silin ɗin falle ɗaya ne ba abin da aka shimfiɗa a bayansa, sai zafin ya ratsa ya fice ta rufi. Kafin ka sayi wata hita, ka fara da can.

Abin da ake shimfiɗawa shi ne audugar gilashi ko audugar dutse, mai zuwa a naɗe kamar katifa. A ƙasashe masu tsananin sanyi, irin su Birtaniya, ana so kaurinta ya kai milimita 270: a jera milimita 100 tsakanin katakan silin, sannan a gitta milimita 170 a kansu, don katakon ma yana ɗaukar zafi. Inda sanyi bai kai haka ba, shimfiɗa ɗaya ma takan kawo bambancin da za ka ji a jikinka.

Kuskuren da muka fi gani shi ne danne audugar, ko ɗora kwalaye a kanta. Ba zaren ne yake tare zafi ba, iskar da ta maƙale a cikinsa ce. Da ka matse ta, ka kore wannan iskar. Haka nan idan rufi na yoyo, a gyara shi tukuna, domin ruwa ya fi iska ɗaukar zafi fiye da sau 20, jiƙaƙƙiyar auduga kuwa ta zama kaya kawai. Kada kuma a toshe ƙofofin iska na bakin rufi, in ba haka ba raɓa za ta taru ta ruɓar da katako. A bar tazara kewaye da fitilun da aka nutsa cikin silin, kuma kada wayoyin lantarki su binnu a ƙarƙashin audugar. Mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu, don zaren yana sa ƙaiƙayi da tari.

TAMBAYA: Ni haya nake, ba ni da ikon taɓa rufi. Me zan iya yi?

AMSA: Ka kunna turaren tsinke a rana mai iska, ka bi gefen taga da ƙasan ƙofa a hankali. Inda hayaƙin ya karkace, nan iska ke shigowa. Ka liƙa siririn soso mai gam a gefen tagar, ka sa buroshi ko roba a gindin ƙofa, ka rataya labule mai kauri da ya sauka har ƙasa, kana rufe shi da magariba.

Amma fa a kiyaye: ɗakin da ake ƙona gas, kananzir ko gawayi ba a toshe masa hanyar iska. Iskar kabon monoksaid, gubar da ƙona su ke iya fitarwa, ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci.