Me ya sa gidan harsashin bindigar Bren yake a sama?

Tambaya: Na ga wani tsohon hoton sojojinmu a yaƙin Bama, ɗayansu ya yi rub da ciki a bayan wata bindiga mai ƙafa biyu, gidan harsashinta a lanƙwashe a samanta kamar ƙaho. Wace bindiga ce, kuma me ya sa aka ɗora shi a can?

Amsa: Malam, siffar da ka bayar ta Bren ce, mashin-gan ɗin da sojojin Ingila suka dogara da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. Dakarun Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda 'yan Arewa suke da yawa a cikinsu, sun riƙe ta a dazukan Bama.

Asalinta ba Ingila ba ne. Václav Holek ne ya ƙera uwarta, ZB 26, a birnin Brno na tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya. Ingila ta karɓe ta a 1935, ta fara ƙera tata a Enfield a 1937. Farkon sunayen garuruwan biyu aka haɗa, Br da En.

Ɗora gidan harsashin a sama kuwa dabara ce ta wanda ya san halin fagen fama. Mai harbi a kwance yake, ƙirjinsa a ƙasa. Da a ƙarƙashi aka sa gidan, da dole ya ɗaga bindigar, ya ɗaga kansa tare da ita, nan kuwa ajali yake. A sama, mataimakinsa da ke kwance a gefensa zai zare wanda ya ƙare ya danna sabo cikin ƙiftawar ido, kwanson harsashi kuma ya zube ta ƙasa. Tunda gidan ya tare tsakiya, sai aka karkatar da wurin saiti zuwa hagu. Lanƙwasar kuma harsashin da take ci, samfurin .303, shi ne ya jawo ta, domin gindinsa yana da baki mai faɗi, ba ya jeruwa a miƙe. Gidan yana cin 30, amma sojoji sukan zuba 28 don kada ya cije.

Wasu na rena ta don tana harba harsasai kimanin 500 a minti ɗaya, alhali MG42 ta Jamus tana kai 1,200. Ni ban ga gazawa a nan ba. Sojan da ya ɗauko harsashinsa a ka, ya ratsa kurmi da laka, ya fi bukatar bindigar da ke samun abin da aka saita ba tare da ɓarna ba. In bututunta ya yi zafi, a cire a sa wani nan take. Da aka gyara ta ta koma cin harsashi mai kaurin milimita 7.62, sojojin Ingila sun je da ita har yaƙin Falklands a 1982.