Sai na sayi manhaja kafin in ɗauki bidiyon aikina?

Tambaya: Na gina wata manhaja ta intanet, amma har yanzu a kwamfutata kaɗai take aiki, a localhost:3000. Wanda ya ba ni aikin yana son ganin bidiyonta. Sai na ɗora ta a intanet tukuna? Kuma in sayi Camtasia, manhajar ɗaukar allo ta kuɗi?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka, kuma ba sai ka ɗora komai ba. Manhajar ɗaukar allo ba ruwanta da inda shafi ya fito. Abin da idonka ya gani shi take naɗa.

Idan Mac gare ka, danna Shift, Command da 5. A Windows 11, Snipping Tool ma yana ɗaukar bidiyo. Ni dai OBS Studio na fi so: kyauta ne, kuma yana aiki a Windows, Mac da Linux. Saita shi a 1080p, hoto 30 a daƙiƙa. Ka ɗauka a tsarin fayil na MKV, daga baya ka juya shi zuwa MP4 ta zaɓin Remux Recordings da ke cikin OBS, domin idan kwamfutar ta mutu ana tsaka da ɗauka, MP4 yakan lalace ɗungurungum, MKV kuwa yana riƙe abin da ya riga ya shiga. Camtasia na masu shirya darussa ne kullum, masu yawan yanka da haɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da zai bayyana a allon. Mai aikin nan wataƙila a waya zai kalla, don haka ƙara girman shafin zuwa kashi 125 ko 150, in ba haka ba rubutun zai koma kamar tururuwa. Kashe sanarwa. Rufe tagar da ke nuna fayil ɗin .env, kada makullan sirrinka su tafi tare da bidiyon. Cika manhajar da bayanan gwaji, ban da sunayen mutane na gaskiya. Kada kuma ka adana wani fayil kana cikin ɗauka, don kayan aikin gina manhaja irin su Vite nan take suke sabunta shafin.

Tambaya: Na rubuta localhost a wayata don in ɗauka daga can, ya ƙi buɗewa.

Amsa: A waya, localhost wayar ce da kanta. Haɗa wayar da kwamfutar a Wi-Fi ɗaya, ta da sabar manhajar a 0.0.0.0 don wasu na'urori su iya isa gare ta, sai ka rubuta lambar IP ta kwamfutar a burauzar wayar, ka ƙara :3000 a ƙarshe.