Tambaya da Amsa: Ina shan maganin tayirod, ga shi ciki ya shiga

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min. Shekarata 33, shekara uku kenan ina shan levothyroxine saboda tayirod ɗina ba ya aiki sosai, mahaifiyata ma tana da maƙoƙo. Yanzu ina da cikin sati shida kuma na taɓa yin ɓari sau ɗaya, shine yayata tace in ajiye maganin kar ya taɓa cikin, yau kwana huɗu ban sha ba. Nayi daidai?

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya raba lafiya. Dan Allah ki koma kan maganinki yau ɗin nan. Na san yayarki tausayinki take ji, amma wannan maganin T4 ne, wato sinadarin da tayirod ɗinki (wata 'yar halitta ce a gaban wuya) ya kamata ya riƙa yi da kansa. Shi ɗan tayi nasa tayirod ɗin ba ya fara aiki sai wajen sati 12, ba kuma ya wadatar da shi sai sati 18 zuwa 20, to duk kafin nan da naki ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa, idan kika ajiye magani ku biyu kuka rasa, kuma ƙarancinsa na ƙara haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini.

Yawancin masu shan sa ma ƙara musu ake yi, ana ƙara yawan maganin da kamar kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari da zarar ciki ya tabbata. Kar ki ƙara da kanki dai, ki je asibiti cikin satin nan a auna TSH (gwajin jini ne da ke nuna yadda tayirod ke aiki), a riƙa maimaitawa duk sati huɗu har tsakiyar ciki. Ki faɗa musu kina da ciki, domin sinadarin hCG da jiki ke samarwa idan ciki ya shiga yakan saukar da TSH a wata ukun farko, ma'aunin mai ciki daban yake.

Shekarunki sun haura 30, akwai ciwon a gida, ga ɓari a baya, wallahi ko ba ki shan komai kina cikin waɗanda ake so a gwada da wuri, haka masu ciwon suga nau'i na 1 da masu ƙiba sosai. Ki tambaya ko an taɓa miki gwajin TPO, wanda ke nuna ko garkuwar jikinki ce ke far wa tayirod ɗin.

Sannan maganin ƙarin jini da kalsiyam da ake bayarwa a awo suna hana jiki tsotse levothyroxine. Ki sha shi da asuba kafin ki ci komai, su kuma bayan awa huɗu. Aidin kuwa, wato sinadarin da tayirod ke buƙata don yin aikinsa, Hukumar Lafiya ta Duniya tace mai ciki na buƙatar maikirogiram 250 kullum, ki nuna wa likitanki bitamin ɗin da kike sha ya duba ko akwai a ciki.