Hukuncin Yarda a Sa wa Mutum Cuta da Gangan don Gwajin Rigakafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a Ingila. Wata cibiyar bincike tana neman 'yan sa kai masu lafiya, za a yi musu allurar rigakafin zazzabin cizon sauro da ake gwadawa, sannan a sa sauro mai ɗauke da cutar ya cije su a ga ko allurar ta kare su. Suna biyan kuɗi mai kauri, ni kuma kuɗin haya ya sha kaina. Wani ɗan'uwa a masallacinmu ya ce wannan jefa kai ne ga halaka. A takardar da ake cikewa an tambaya ko mutum ya taɓa yin maleriya, abokina ya ce in rubuta a'a don kada su ƙi ni, alhali a Funtuwa na girma. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abin da ka ambata a ƙarshe kamar bai dame ka ba, shi ne ya yanke hukuncinka. Shiga irin wannan gwaji ya halatta da sharuɗɗa. Amma shigarka kai ta hanyar da abokinka ya nuna maka haramun ce.

Ba a banza suka yi wannan tambaya ba. Wanda ya tashi a Funtuwa, kowace damina zazzaɓi ya kayar da shi ya tashi, jikinsa ya riga ya san ƙwayar cutar. In aka yi maka allura, sauro ya cije ka, cutar ta yi jinkirin bayyana, za a rubuta cewa allura ce ta yi aiki, alhali tsohuwar garkuwar jikinka ce. Kuma mutanen da ake wannan gwaji da su kaɗan ne, ƙaryar mutum ɗaya tana iya karkatar da sakamako, sakamakon nan kuwa shi ake dubawa kafin a kai allurar ga jariran mutane. Wannan algus ne, ka kuma san abin da Annabi (SAW) ya faɗa a kan mai algus. Kuɗin da za ka karɓa a kan sharaɗin da ba ka cika ba, cin dukiya ne da ɓarna. Rubuta gaskiya. In sun ƙi ka, shi ke nan.

Sai maganar ɗan'uwan nan na masallaci. Kada ka raina shi, akwai malamai masu wannan fahimta. Suna kafa hujja da ayar Baƙara da ta hana jefa kai ga halaka, da cewa jiki amana ne, da abin da Imam Ƙarafi ya tabbatar cewa akwai haƙƙin Allah a rai da gaɓoɓi, don haka yardar bawa ba ta halatta a lalata su. Tushen duk daidai ne, wajen ɗora shi a kan mas'alar ne aka samu kuskure.

Ita ayar, Abu Ayyub al-Ansari ya bayyana wa mutane a yaƙin Kustantiniyya cewa ta sauka ne a kan Ansar lokacin da suka so su koma kan dukiyoyinsu su bar jihadi. To ko mun ɗauki gamewar lafazinta, kuma ni ina ɗauka, halaka ita ce abin da zaton mutuwa ko nakasa ya rinjaya a cikinsa. Da wannan ma'auni malaman fiƙihu suka halatta hawa teku idan kuɓuta ce ta fi rinjaye, suka hana idan ya yi tashin da ake tsoron nutsewa. Sai mu duba me ake yi a wannan gwaji. Ƙwayar cutar da ake amfani da ita sananniya ce, an raine ta a ɗakin bincike, an tabbatar magani yana kashe ta. Bayan kamar mako guda da cizon ana ɗiban jini kullum, da zarar an ga alamarta sai a fara magani, wanda kuma ba ta bayyana a jikinsa ba shi ma a ba shi maganin bayan mako uku. Dubban mutane sun bi ta wannan hanya tun shekarun 1980. Akwai wahala, zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki, kuma a Holan an samu 'yan sa kai kaɗan da zuciyarsu ta taɓu kafin suka warke. Amma kiran wannan halaka wuce gona da iri ne.

Masu hanawar suna kuma kawo komawar Sayyidina Umar daga Sarag, wani wuri a kan hanyar Sham, bai shiga Sham ba saboda annobar da ta ɓarke a can. Annobar nan ba ta da magani, kuma shiga garin ba zai ceci kowa ba, to ina haɗin? Sannan yawancin masu hanawar sun yarda mutum ya ba ɗan'uwansa ƙoda, kamar yadda Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta halatta a 1988 bisa sharuɗɗa, alhali a can fiɗa ake yi a cire gaɓa ba ta dawowa. In suka ce mai karɓar ƙoda sananne ne, amfanin gwaji kuwa zato ne, sai mu ce allurar R21 da jami'ar Oxford ta ƙirƙira ta bi ta irin wannan gwaji, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoba 2023, Najeriya ta fara yi wa yara ita a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024. Cutar tana kashe mutum wajen 600,000 a shekara, galibi yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma kusan ɗaya bisa uku na mamatan a Najeriya suke. Neman maganin wannan farilla ce ta kifaya, kuma ana jure ƙaramar cuta ta mutum ɗaya don tunkuɗe babba ta jama'a.

Duk wannan ya rataya ne a kan samuwar magani mai warkarwa. Inda babu, hukunci ya canza. A Habana ta ƙasar Kuba a 1901 ma'aikaciyar jinya Clara Maass ta yarda sauron zazzaɓin shawara ya cije ta, ta rasu. Gwajin korona da aka yi a Landan a 2021 da matasa 36, a lokacin da ba a gama sanin illar cutar ta dogon lokaci ba, zuciyata ba ta natsu da halaccinsa ba, da ka tambaye ni a kansa da na hana ka. Yara, fursunoni, masu taɓin hankali da wanda aka ɓoye wa gaskiya, babu saɓani a kan haramcin sa musu cuta. Abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba sa cuta da gangan ba ne, gwajin magani ne, amma rikicinsa a kan yardar iyaye ya taso, shi ya sa ba na ganin laifin mutanenmu in sun yi ɗari-ɗari.

Karɓar kuɗi a matsayin ladan lokaci da wahala ba laifi. Abin da nake ji maka shi ne ba taimakon yara ya kai ka wurin ba, mai gidan haya ne, kuma wanda bashi ya shaƙe ba ya karanta takardar yarda da kyau. Ka je ofishin tallafin ɗalibai na jami'arku, ka kuma sanar da limaminku halin da kake ciki, baƙon da guzuri ya yanke masa yana da rabo a zakka, kada kunya ta hana ka. In wata rana ka samu gwajin da ka cancanta, ka faɗa wa mahaifiyarka tukuna, ka bayyana musu ko kana da sikila ko wani ciwo, kada ka yi tafiya kafin su sallame ka, kuma ka shanye maganin har ƙarshe. Abokin naka kuwa, in shi ma ya taɓa shiga da irin wannan ƙarya, wajibi ne ya koma ya sanar da masu binciken don su cire sakamakonsa.

Wallahu a'alam.