Yadda ake raba naɗin fim mai ƙafa 400 don ya shiga na'urar ɗura fim

Tambaya: Malam, barka da aiki. An kawo mini gwangwanin fim ɗin Kodak Double-X 5222 mai tsawon ƙafa 400, amma na'urar ɗura fim da nake da ita, ƙirar Watson, ƙafa 100 kawai take ɗauka. Yaya zan raba shi ba tare da na yi asara ba? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi sayayya mai kyau. Ƙafa 400 wajen mita 122 ke nan. Hoto ɗaya a fim mai faɗin milimita 35 yana cin milimita 38, don haka kaset (ɗan gwangwanin fim da ake sa wa kyamara) mai hoto 36, haɗe da bakin da ake ja, yana cin kusan mita 1.6. Ƙafa 100 kan ba da kaset kamar 18.

Shawarata ita ce ka daina tunanin auna ƙafa 100 cif. A cikin duhu ba tsawo ake aunawa ba, kauri ake ji da hannu. Tun da sauran haske, yanko kwali mai da'ira wanda zai shiga cikin na'urarka da ɗan sarari, ka huda tsakiyarsa. Kafa ƙusa biyu a jikin katako, ɗaya ta ɗauki babban naɗin, ɗaya kuma kwalin da ƙaramin bututun roba mai inci 1, irin wanda ke zuwa da naɗin ƙafa 100. Bututun da ke cikin babban naɗinka na fim ɗin silima ne, inci 2, ya fi ƙarfin na'urar. Kana naɗawa, da zarar yatsanka ya ji fim ya kusa bakin kwali, sai ka yanke. Gara ka raba shi kashi biyar da ka cusa naɗin da zai cije.

Duhun kuwa sai wanda ko tafin hannunka ba ka gani. Jar fitilar ɗakin wanke hoto ta takarda ce, wannan fim yana ganin ja, za ta ƙone shi. Kashe waya, cire agogo mai ƙyalli, ka zauna minti biyar ka duba ƙarƙashin ƙofa. Jakar duhu, wadda ake zura hannu a ciki don sarrafa fim ba tare da haske ba, ta yi ƙunci ga wannan aiki, kuma hannu na gumi a cikinta.

Abin da ya fi damuna a kanka shi ne hunturu. Idan iska ta bushe, warware fim da sauri kan haifar da ɗan tartsatsin lantarki, sai bayan wanki ka ga zane kamar rassan bishiya a kan hoto, kuma ba ya gyaruwa. Ga ƙura. Yayyafa ruwa a ƙasa, ka bari ta kwanta, sannan ka naɗa a hankali kana riƙe da gefen fim kawai. Idan naɗin ya yi sako-sako, kada ka ja bakinsa don ya matse, nan ne ake kankare fim.

Fuskar da ke ɗaukar hoto, wato marar sheƙi, ta kalli ciki kamar yadda ta zo. Kowane kashi ya shiga baƙar leda da gwangwani, a like da tef, a rubuta suna kafin a ajiye a firji.

Double-X baƙi da fari ne, ana wanke shi yadda aka saba. Amma in wata rana ka samu fim ɗin silima na Vision3 mai launi, tsarin wankinsa daban ne, ana kiransa ECN-2, kuma wanda ke da baƙin shafe a bayansa kada ka kai shi injin C-41, wato na wanke fim mai launi da aka saba, zai ɓata wa mai shago ruwan magani.