Ku Tambaya Mu Amsa: Tsuma Fukafukan Kaza da Girka Su a Gida

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon yawancinsu a kan fukafukan kaza ne, shi ya sa muka ba su filin gaba ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sabuwar amarya ce. Na haɗa fukafukai da ruwan lemun tsami mai yawa da ɗanyar citta da tafarnuwa, na sa a firiji tun dare har la'asar ɗin washegari. Da na soya, sai saman naman ya yi fari yana dagargajewa, cikin kuma salam. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, amarya, Allah ya sanya alheri. Lemun tsamin ne ya yi miki wannan ɓarnar, citta ta taya shi. Tsami yana dafa saman nama tun bai ga wuta ba: naman ya yi fari ya ƙame, in an daɗe kuma ya fara rugurgujewa. Ɗanyar citta tana ɗauke da wani sinadari mai narkar da nama, haka ɗanyar abarba da gwanda, su biyun nan ma sun fi ta ƙarfi. Fiffike kuwa tsokarsa ba ta da kauri, ba ya jure doguwar jiƙa a cikin irin waɗannan.

Salam ɗin da kika ji a ciki kuma ƙarancin gishiri ne. Ana yawan zaton duk abin da aka zuba a haɗin yana ratsa nama har ƙashi, alhali tafarnuwa da masoro da barkono iyakarsu fata da saman tsoka. Gishiri ne ke shiga can ciki, kuma shi ke sa nama ya riƙe ruwansa a kan wuta.

Don haka ki raba aikin gida biyu. Gishiri da busassun kayan ƙamshi su ne za su kwana, tsami ya biyo baya. A kilo 1 na fukafukai, wato kamar guda 10 zuwa 12 gwargwadon girmansu, ki sa gishiri giram 10, ƙaramin cokali 2 ke nan amma kada ki cika su. Sai garin tafarnuwa ƙaramin cokali 1, garin citta 1, masoro rabin ƙaramin cokali, garin tattasai babban cokali 1, barkono kuma daidai bakin mutanen gidanku. In za ki sa dunƙulen ɗanɗano ki rage gishirin da rabi, domin shi ma yawancinsa gishiri ne. Ki murza sosai da hannu har cikin lungun gaɓoɓi, ki sa a firiji daga awa 4 zuwa kwana guda. Saura minti 30 ko awa 1 ki ɗora wuta, sannan ki zuba ruwan lemun tsami babban cokali 2 da mai babban cokali 2. Kada tsamin ya wuce awa 2 a jiki. In kina son haɗi mai ruwa da zai kwana, yi amfani da yogot marar sukari rabin kofi. Tsaminsa mai sanyin hali ne, yana tausasa nama ba tare da ya lalata shi ba. A yi jiƙon a kwanon gilashi ko roba mai murfi. Kwanon alminiyam ba ya shiri da tsami, yana ba naman ɗanɗanon ƙarfe.

Kafin duk wannan, ki raba fiffiken. Kashi uku ne: na sama mai kama da 'yar ƙaramar cinya, na tsakiya mai ƙashi biyu, da tsinin ƙarshe. Ki lanƙwasa gaɓar baya har ta buɗe, ki sa wuƙa a kan farin guringuntsin, za ta wuce ba sara. Tsinin ba nama gare shi kuma shi ke fara ƙonewa, ki tara su don romo.

Tambaya: Ina gasa fukafukai a obin, suna nuna amma fatar tana danƙo kamar roba, ruwa kuma ya taru a tire. Yaya ake samun fatar nan mai ƙaras-ƙaras ba tare da an soya ba?

Amsa: Malam, ruwan nan da ke taruwa shi ne matsalar. Muddin akwai danshi a jikin fata, turara ta kake yi, domin ba za ta fara ja ba sai ruwan ya ƙafe, kafin nan kuwa naman ya riga ya nuna. Fiffike ya fi kowane sashe na kaza yawan fata idan aka auna da tsokarsa, don haka a nan ne duk daɗin yake, kuma ya cancanci a ba shi lokaci.

Ka tsane su ɗaya bayan ɗaya da tishu na kicin har ka ji fatar tana ɗan kama yatsa. Ka haɗa gishirin da muka faɗa a sama da bekin foda ƙaramin cokali 2 a kilo 1, ka barbaɗa ko'ina. Bekin foda yana rage tsamin fata, ta yi saurin ja, kuma yana tayar da ƙananan ƙuraje a jikinta waɗanda ke bushewa su yi garas a baki. A kula, bekin soda daban ne. In aka zuba shi a wannan ma'auni naman zai yi ɗaci da ɗanɗanon sabulu. Sannan ka jera su a kan ragar waya, tire a ƙasa, ka sa a can ƙasan firiji a buɗe, nesa da dafaffen abinci, su yi awa 8 ko su kwana. Da safe za ka ga fatar ta ɗame ta ɗan yi sheƙi. Abin da ake nema ke nan. Wannan hanya ba ta tafiya da haɗi mai ruwa, lemun tsami sai bayan an sauke.

Ka kunna obin ya yi minti 15 yana zafi a digiri 220 na Salshiyas, ko 200 in mai fanka ne. Ka bar su a kan ragar, da ratar yatsa guda a tsakaninsu. Minti 20 ka juya, sannan ƙarin minti 20 zuwa 25. Mai na'urar suya da iska ya sa digiri 190 zuwa 200, minti 20 zuwa 25, kada wani ya hau kan wani.

Tambaya: Duk sanda na soya sai waje ya yi duhu amma jikin ƙashi da ja-ja kamar jini, yara su ƙi ci. Bai nuna ba ne?

Amsa: Maman yara, abu biyu ne suka haɗu. Duhun waje daga zafin mai ne. Ana son man ya kai digiri 175 zuwa 180. In ba ki da ma'aunin zafi, jefa ɗan guntun burodi: ya yi ja cikin kamar minti 1 to ya yi daidai, in ya yi baƙi nan take ya wuce. Kada man ya haura rabin tukunya, kuma gunduwa 6 zuwa 8 kawai a zubi ɗaya, don cika tukunya yana kashe zafin, naman ya sha mai. Minti 10 zuwa 12 ya isa. Wadda ke son ƙarin garas ta yi suya biyu: minti 8 a digiri 160, a kwashe su huta minti 10, a mayar minti 2 ko 3 a digiri 190. Ɗan garin sitacin masara babban cokali 3 da aka barbaɗa aka kakkaɓe kafin suya yana taimakawa. In sun fito daga firiza, su narke tsaf a firiji tukuna.

Jan jikin ƙashi kuwa sau da yawa launin ɓargo ne. Ƙashin ƙananan kaji bai gama ƙwari ba, launin yana tsattsafowa waje, musamman in kazar ta daskare. Launi ba shi ne shaida ba. Shaidar ita ce cikin tsoka ya kai digiri 74, a auna a wuri mafi kauri ba tare da tsinin ma'aunin ya taɓa ƙashi ba. Mu dai mun fi son fiffike ya kai 80 zuwa 85, lokacin jijiyoyinsa sun saki, nama na zamewa daga ƙashi, kuma kitsen fata ba ya barinsa ya bushe. In ba ma'auni, tsaga mafi kauri ki duba: tsokar da ke sheƙi tana santsi tana manne da ƙashi ba ta nuna ba.

Tambaya: Na sa zuma a haɗin tun farko, sai suka ƙone suka yi ɗaci. Kuma zan iya yin miya da ragowar ruwan jiƙon?

Amsa: 'Yar'uwa, zuma da sukari suna ƙonewa tun nama bai je ko'ina ba. Ki shafa su a minti 5 na ƙarshe, ko ki narka bota babban cokali 4 da zuma 2 da miyar barkono 3 da ɗan lemun tsami, ki juya fukafukan a ciki da zafinsu ana gab da ci. Bota da miyar barkono su ne ainihin haɗin girkin da ake kira fukafukan Buffalo, sunan da ya samo asali daga birnin Buffalo na jihar New York a Amurka. In suka zauna cikin miyar minti 15, fatar da kika sha wahala a kanta za ta saki.

Ruwan jiƙon da ɗanyar kaza ta zauna a ciki yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta irin su Salmonela. Kada ya taɓa dafaffen nama sai ya tafasa sosai. Abin da ya fi, ki ɗebi na miya ki ajiye gefe tun kafin ki zuba naman.

Tambaya: A kan gawayi fa? Wuta tana tashi ta babbake su.

Amsa: Kitse ne ke ɗiga a kan garwashi, ɗan'uwa. Ka jira gawayin ya rufe da farar toka, ka tura shi gefe ɗaya. Fukafukan su yi minti 25 zuwa 30 a gefen da ba garwashi a ƙasa, a rufe in da murfi, ana juyawa lokaci-lokaci, sannan ka matso da su kan wutar minti 2 ko 3 kowane gefe su yi ja.

Tambaya: Dole ne a wanke su don ƙarni? Kuma kwana nawa suke yi a firiji?

Amsa: Hajiya, wanki ba ya kashe ƙwayar cuta, wuta ce ke kashe ta. Hasali ma ruwan famfo yana fallatsa ta kan kwanuka da kayan lambu da ke kusa. Tsanewa da tishu da cire ragowar gashi sun wadatar, citta da lemun tsamin ƙarshe za su ji da ƙarnin. In hankalinki bai kwanta ba sai kin wanke, ki yi a cikin kwano mai zurfi a hankali, sannan ki wanke wurin da katakon yanka da wuƙa da hannuwanki da sabulu.

Ɗanyu kwana 1 zuwa 2 a firiji mai sanyin digiri 4 ko ƙasa, har da lokacin jiƙon a lissafin. Kada su wuce awa 2 a waje, in ana zafin da ya haura digiri 32 kuwa awa 1. Dafaffu suna kai kwana 3 zuwa 4 a rufe. In za ki ɗumama, ki mayar da su obin a digiri 200 na minti 10 a kan raga ba murfi, fatar za ta sake tashi.