Kada ka fara da mai kayan ciki

Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Ka tambaya ko ka sayi ƙaramar tankar yaƙi ta roba da ake haɗawa, T-55 ta kamfanin MiniArt mai kayan ciki (inji, kujeru da sauransu) a sikelin 1/35, ta zama aikinka na farko, kuma wane kore ne ainihin na tankokin Sobiyet. Zan gaya maka yadda ta kaya da ni.

Kada ka fara da ita. Ba don tana da aibi ba, kyau kam tana da shi, amma 'yan guntayen da ke cikin kwalin sun haura 1000, sarƙar ma ɗaya-ɗaya za ka jera ta. Ni da zumuɗi na fara da wata mai kayan ciki. Wata biyu ina fama da inji da kujerar direba, ranar da na ɗora murfin sama sai duk wahalar ta ɓuya, ko da tocila ba ka ganin komai. Jikina ya yi sanyi na ture ta, tana nan saman kwaba har yau. Abin da ya dawo da ni T-55A ta kamfanin Tamiya ce, wadda ta fito a 2002. Guntayenta ba su kai rabin na waccan ba, kowane yana zama a gurbinsa ba gardama. In da dare kake zama, mako biyu ya ishe ka.

Kayan aiki ba sai ka kashe kuɗi ba. Abin yanke farce, reza, hantsaki, samfefa mai laushi, tsinken sakace. Gam kaɗai ne ban yarda a yi masa rowa ba. Nemi mai ruwa-ruwan nan, Tamiya Extra Thin. Haɗa guntayen biyu tukuna, sannan ka ɗiga a bakin mahaɗar, shi zai bi ya narkar da robar ta zama ɗaya. Sufa gulu kuwa ajiye shi don waya da ƙarfe.

Maganar kore, a nan ne mutane ke ɓata wa kansu lokaci. Koren 4BO da kake ta ji fentin zamanin tankokin T-34 ne da KV-1, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ko a wancan lokacin da kauri yake zuwa, ana tsinka shi da abin da aka samu, rana da ƙura su yi nasu aikin. T-55 kuwa sai 1958 aka fara ƙera ta, an yi ta a Folan da Cekoslobakiya, ta je Masar, ta je Sudan, har sojan Najeriya sun yi aiki da ita. To wane kore ɗaya za a ce shi ne? Samo hoton tanka guda, ka bi shi. Abin da na koya kawai shi ne ka ɗan haska koren da rawaya, domin ƙaramin abu duhu yake ƙarawa, ga kuma dattin da za ka bi shi da shi daga baya.

Inda ya kamata ka zauna sosai shi ne sarƙa. T-55 ba ta da ƙananan tayoyin da ke riƙe sarƙa daga sama, a kan manyan tayoyin nan biyar take kwanciya saboda nauyinta. Ta Tamiya roba ce mai lanƙwasa, in ka bar ta sai ta miƙe cir kamar tsirkiyar baka, nan take tankar ta koma abin wasan yara. Manna ta a kan tayoyin tsakiya, ka cusa takarda tsakaninta da madigadi ta kwana. Ka kuma lura da tazarar da ke tsakanin taya ta farko da ta biyu. Ba kuskure ba ne, kada ka ce za ka gyara, da ita ake bambanta T-55 da T-62.

Sai kan tankar mai juyawa. Zubin ƙarfe ne, ba sumul yake ba. Tsinka foti (ƙullin cike rami) kaɗan, ka daddanna da tsohon buroshi mai tauri, in ya bushe ka shafa samfefa sama-sama. Tankunan mai na madigadin dama a ta Tamiya ba su zo da bututunsu ba, ni da jar waya daga tsohuwar caja na yi su. Gungumen bayan nan kuwa, wanda ake ɗaura wa sarƙa in tanka ta kafe a taɓo, na jefar da na roba na sa ɗan reshen darbejiya busasshe. Salansa a hagu yake, injin na dizal ne, don haka kada ka ji tausayin wurin wajen baƙin hayaƙi. Tsatsa dai ka rage hannu, tankar da ke aiki ba ta zama jawur.

In a irin zafinmu kake, fentin ruwa yana bushewa a bakin buroshi kafin ya kai jiki. Yi fenti bayan asuba, shafa uku marasa kauri. Da hunturu kuma, kana gamawa ka kife kwali a kai. Na taɓa barin tawa a buɗe na tafi sallar la'asar, na dawo na tarar ƙura ta manne mata tun daga bakin bindiga har gangunan mai na baya.